Kasafina da Akuyar Matata

Ranar wata Asabar ce bayan sallar la'asar, a ƙarshen kaka, muna tsakar gida mu uku: ni da matata da mahaifiyata, Inna. A lokacin ina malamin firamare a wani ƙauye kusa da Ɗanbatta, ban cika shekara da aure ba, kuma ina ji da kaina saboda na koyi tsara kasafin wata. Albashi na shigowa sai in kasa shi: cefane, man babur, katin waya, sabulu, da ɗan abin da nake ajiyewa don takin damina. Hatsi kuwa yana rumbu. Tsarin ya yi mini rana, domin na daina cin bashi a wurin mai shago. Shi ya sa da matata ta ce bikin ƙawarta ya matso, tana bukatar kuɗin gudummawa, na amsa mata cikin natsuwa cewa babu wannan a kasafi, sai dai ta yi haƙuri. Inna tana ɓarar gyaɗa, ta ɗago kai ta tambaye ni shi wannan Kasafi ɗan gidan wa ne da har yake hana mutane zumunci. Na yi dariya, na ɗauka magana ta wuce.

Abin da na sani amma ban sa a lissafi ba shi ne, a wajenmu gudummawar biki bashi ce. Wadda ta kawo wa mace ranar aurenta, ranar nata bikin za a mayar mata, har a ɗora wani abu a kai. Wadda ta kasa, ba a yi mata faɗa. Sai dai ranar nata taron ta shimfiɗa tabarmi ta rasa masu zama. Ga shi matata tana da ciki, suna yana tafe, kuma bayan kaka ne bukukuwa ke zuwa a jere. Duk da haka ban ga ta fasa zuwa ko ɗaya ba. Takan dawo da fara'a, da alkaki da nakiya a ƙullin leda, ni kuma in ci in ƙoshi, in je makaranta ina gaya wa abokan aiki cewa magidanci tsayuwa kawai yake bukata.

Wata safiya Inna ta sa ni in kai wa akuya harawa, sai na tarar da turke babu komai. Akuyar nan da ita matata ta zo daga gidansu. Da na tambaya, matata ta ce tun makonnin baya ta aika da ita kasuwar Ɗanbatta, da kuɗin take ta biyan gudummawa, kuma ta ga ban lura ba sai ta yi shiru. Ina tsaye da harawa a hannu Inna ta ce, "Malam, alkakin nan da kake ta ci, ai akuyar ce." Matata ta rufe baki da mayafi tana dariya. Ni dai kunya ta hana ni ko murmushi.

A ranar muka zauna ni da ita, ta faɗa mini bukukuwan da ke gaba da abin da ake binta. Muka buɗe sabon kaso muka kira shi na zumunci, muka cike shi da abin da na rage daga katin waya da teburin mai shayi. Ranar sunan 'yarmu gida ya cika, har sai da aka aro tabarmi daga maƙwabta.

Na fahimci cewa kasafin bai yi laifi ba, ni ne na tsara shi ni kaɗai, alhali ba ni kaɗai nake ci daga albashin ba. Ina jan hankalin magidanta, musamman sababbin aure: kafin ku kasa kuɗin wata, ku tambayi matanku abin da ke kansu, ku kuma ware na biki da suna da gaisuwa, domin abin da aka ƙi rubutawa wani ne a gidan yake biyansa a ɓoye. Kafin damina ta faɗi na saya wa matata wata akuyar. Bana akuyar ta haifi biyu.