Ranar da muka yi aron kujeru

Shekarun baya, lokacin ina okada, wato acaɓa, a Agege ta Legas, mahaifiyata tana cikin matan da ke babbake ganda da kankare ta a bayan kwata. Tun rasuwar mahaifina da wannan aikin ta riƙe mu. Hayaƙin wurin kuwa ba na itace ba ne, tsofaffin tayoyi ake ƙonawa. Tari ya kama ta ya ƙi saki, har likita ya ce in ba ta bar hayaƙin nan ba ƙirjinta ba zai kai ta ko'ina ba. Ta yi dariya ta ce, “To in bari mu ci me?”

Ana nan sai mai unguwa ya sanar cewa wata ƙungiyar yaƙi da talauci za ta zaga gida-gida, ta duba zawarawan da suka fi shiga matsi, a ba su injin markaɗe. Wallahi ranar har rawa na taka a kan babur. Inji a ƙofar ɗaki, Inna ta rabu da hayaƙi!

Da safen da za su zo, na tarar ta tayar da gidan kaf.

“Kai ɗan nan, tsayuwar me kake? Baƙi za mu yi. Jeka wurin matar mai gidan hayar nan ka aro mini kujerun roba da labule.”

Ni kuma uban 'yan gwaninta, ban tsaya nan ba. Na ɗauko talabijin ɗin abokina a bayan babur, wadda ko kamawa ba ta yi, na ɗora bisa tebur na lulluɓe da ƙyalle. Inna ta ciro atamfarta ta salla, ta turara ɗaki, ta dafa shinkafar da muke ta lallaɓawa har da nama.

Mata biyu suka zo, Bayarabiya da wata Bahaushiya mai yi mata tafinta. Suka zauna, suka ƙare wa ɗakin kallo.

“Mama, yaya rayuwa? Kuna samun na abinci?” in ji Bahaushiyar.

“Alhamdu lillahi, 'yar nan. Muna cikin rufin asiri.”

“Kukan kwana da yunwa?”

“Subhanalla! Allah bai taɓa hana mu ba.”

Ina tsaye bakin ƙofa ina kallon yadda take danne tari har idonta ya kawo ruwa, don kada ta yi shi a gaban baƙi. Suka ci, suka yaba girki, ta rako su har titi da ƙunshin ganda.

Da aka zo rabo, babu ita. Na bi sawu har ofishin ƙungiyar a Ikeja, wani ma'aikaci ya ce mini cikin ladabi, injinan ba su da yawa, kuma gidanmu da sauƙi idan aka kwatanta da wasu. Na dawo raina a ɓace.

“Inna, me ya hana ki gaya musu gaskiya?”

“Wace ƙarya na yi? Mutum ya tako har ɗakinka, ka tare shi da kuka? Mahaifinka bai bar mu a haka ba.”

Washegari ta ɗaura tsohon zanenta ta koma bayan kwata. Na shiga adashi don in saya mata injin da kaina, kafin kwasata ta zo aka hana okada a manyan tituna, zubin ya gagare ni. Har ta rasu ba ta ga injin ba. Ko a gadon asibiti, duk wanda ya ce yaya jiki, “Da sauƙi” take cewa.

Ban riƙe matan nan a zuciya ba, abin da suka gani suka kai. Inna ma ban ga laifinta ba, haka aka raine ta. Amma har yau abin yana ci mini rai. In na ji a rediyo ana muhawara ko duniya za ta cika alkawarin kawar da matsanancin talauci nan da 2030, wannan ya ce an samu ci gaba, wancan ya ce da wuya, sai in rage murya. Ban san yadda suke ƙirgarsu ba. Ni dai na san mace ɗaya da aka fitar daga sahun matalauta da kujerun aro, kuma ni na ɗauko su.