Takardun da Gara Ta Rage Mana

Ina cikin ɗaukar hoton tsofaffin takardun kakanmu da salula, a gidanmu na Mallawa, sai Goggo Hajo, ƙanwar babana, ta leƙo. Gara ta riga ta cinye rabinsu. Ni ban iya ajami ba, duk zatona addu'o'i ne.

Ta ce, "Ƙara mini girman wannan in gani."

Ta bi rubutun da yatsa, ta yi murmushi. "Ba addu'a ba ce, ɗan nan. Sunayen shanunmu ne, kowace da uwarta, da rijiyoyin da Baffa ke shayar da su. Ni kaɗai na rage da na san wuraren."

Har la'asar tana karantawa, ina ɗaukar muryarta.

Ku fa, wa ya rage da zai karanta muku na gidanku?