Tabon Shamuwa a Kan Motar Surukina

Shekarun baya, a shekarar da aikin Hajji ya zo daidai da faɗuwar damina, surukina ya tafi sauke farali, ya bar mini amanar motarsa. Ban roƙa ba, kuma da an shawarce ni da na ce a kai kasuwa.

Surukina ɗan kasuwar hatsi ne a Gidan Rumji, dattijo marar yawan magana. Motar baƙa ce wuluk, kuma yadda yake ji da ita kowa ya sani a garin. Ko ƙuda ya sauka a kanta sai ya kai hannun riga ya share. Ni kuwa malamin lakol ne, wato makarantar boko, inda ake ce wa malami Mushe, ina zaune ƙauyenmu cikin ƙasar Gidan Sori, babur ne iyakar arzikina. Tun da na auri ɗiyarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba. In na je gaisuwa, tun daga nesa nake tuɓe takalmi, in durƙusa, in gaida shi, in tashi. Iyakar hirarmu ke nan.

To ga shi da 'ya'ya maza, ga babbansu, yayan matata, wanda ya daɗe yana jiran ranar da za a bar masa motar nan. Sai tsohon ya tsallake su duka, ya aiko da saƙo ta bakin matata cewa a ajiye ta gidan Malam, a riƙa tada injin, kada a hau. Yayan matata ne ya kawo ta da kansa. Ya jefo mini makulli daga nesa, ya ce, "To Mushe, ga amana nan. Za mu gani."

Na ajiye ta a inuwar tsamiyar ƙofar gidanmu, na lulluɓe ta da tampol, na ɗaure ta ko'ina. Shamuwa sun riga sun zo sun yi sheƙa a tsamiyar kamar yadda suke yi kowace shekara, amma tunda akwai tampol ban damu ba. Ana nan sai aka tura ni Agiye tsaron jarrabawa, na kwana biyu can.

Ranar da na dawo, tun daga bakin hanya na hango wani abu fari a gindin tsamiya. Na ce a raina, wa ya kawo farar mota ƙofar gidanmu? Sai da na matso na gane ta surukina ce. Kashin shamuwa ya rufe ta daga sama har ƙasa, rana ta gasa shi ya bushe ƙamas. Tampol kuwa babu shi. Na sauka daga babur ban ma kafe shi ba, ya faɗi.

Ashe ruwan farko ne ya zo da iska, ya yaye jinkan rumbun mahaifiyata. Ita kuma ta kwance tampol ta rufe hatsi. Da na yi mata magana, ko a jikinta.

"Ƙarfe da hatsi, wanne ruwa ka ɓatawa?" in ji ta. "Kashin tsuntsu ne, ba wuta ba. Ka wanke."

Na ce ai sai a kori tsuntsayen nan. Nan ne ta ɗago ta dube ni, ta ce baƙin damina ne, tun kakanni ba a taɓa sheƙarsu a gidan nan ba, kuma ba a kaina za a fara ba. Gaskiyarta ce game da hatsin, kuma ko da ba gaskiyarta ba ce, ba bakin da zan buɗe gaban surukai in ce Inna ce ta jawo. Wannan magana ta mutu a cikina tun a wurin.

Na janye motar daga gindin tsamiya, muka wanke ta ni da matata da ruwa da sabulu. Tana jiƙe ta yi kyau, har na fara hamdala. Tana bushewa sai ga tabo ko'ina, dishi-dishi, kashin ya ci fentin. Na sake wankewa, na sake, abu yana nan. Matata ta zauna bakin turmi ta rafka tagumi. A ranar kuma yayanta ya kira ya ce alhazai sun kusa sauka, in shirya kawo mota tashar Maradi, da ita za a ɗauko Baba. Ya tambayi lafiyar amana. Na ce tana nan lafiya.

Daga nan masu shawara suka yi mini caa. Inna ta ce toka da man gyaɗa, yadda take yi wa tukwane. Wani maƙwabci ya ce man goge baki. Abokina, direban taksin Agiye zuwa Maradi, ya ce in bar wahalar da kaina, gazuwal, wato man dizal, kawai zan shafa da tsumma, haka suke yi. Ya gwada mini a tasa motar. Da safe tana ƙyalli, kafin la'asar duk ƙasar hanya ta manne mata. Sai ya ce to man birki fa, ya ji ana cewa yana cire komai. Allah ya taimake ni na ce mu fara gwadawa a wata tsohuwar ƙofar mota da aka yar bayan tasha. Muna tsaye fentin ya yamutse ya tashi. Lallai yana cire komai. Na dubi abokina, ya dubi gefe.

Washegari na bi shi Maradi, wajen masu sayar da kayan mota. Mai shagon ya jera mini gwangwanaye, kowanne ya ɗaga sai ya ce shi ne ƙarshe. Duk daga ƙetaren iyaka aka shigo da su, rubutun jikinsu Ingilishi, ni kuma Mushe guda da faransancina ina ta jujjuya gwangwani ina gyaɗa kai kamar na gane. Da na ga ba ci gaba, na roƙe shi ya buɗe mini su, na riƙa lakatowa ina murzawa tsakanin yatsu. A nan na fahimci iri biyu ne. Akwai man gogewa, wanda ke cin saman fenti har tabo ya tafi, shi ma akwai mai kaushi da za ka ji yashi-yashi a hannu, akwai mai laushi. Akwai kuma kaki, wanda ba ya cin komai, shafa shi ake a sama ya yi ƙyalli ya kare fenti. Kakin ma biyu ne, fari wanda ba ya da launi, da baƙi na baƙaƙen motoci. Mai shagon ya sassauta murya ya ce baƙin nan shi masu sayar da mota ke so, ko ƙarzuwa ce rufe ta yake ruf. Na kwashi duka huɗun, don ban yarda da kaina ba.

Mai kaushin a ƙofar taksin abokina muka gwada, tunda shi ya ce motarsa ta riga ta ga duniya. Shafa kaɗan na yi, tsumma ya fito da launin motar. Na rufe gwangwanin nan na tura shi ƙarƙashin gado. Mai laushin na gwada a cikin murfin but, ma'ajiyar kaya ta bayan motar surukina, inda ido ba ya kaiwa. Na goga, na duba tsumma, fes. Na sake gogawa, fes.

Da sanyin safiya nake aikin, kafin ƙarfe ya ɗau zafi, ɗan wuri kaɗan-kaɗan, matata na yayyaga mini tsohon zanen auduga. Kafaɗata ta yi tsami, amma tabo na ta ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Na rufin ya fita, na ƙofofi suka fita. Saura guda a kan kapo, wato murfin injin, dab da gilashin gaba, faɗinsa ya kai tafin hannu. Shi ne daidai ƙarƙashin sheƙa. Na goga, ya rage kaɗan. Na ƙara mai, na danna. Da na juya tsumman sai na ga baƙi-baƙi a jikinsa.

Na fara cin ainihin fentin ke nan, in na ƙara ko kaɗan sai dai a kai ta wurin mai fenti. Na ajiye tsumma, na ɗauko baƙin kakin. Na ɗan shafa a gefen tabon. Wallahi wurin ya ɓace kamar ba a taɓa yin komai ba.

Ina tsaye da gwangwanin a hannu sai ga ƙarar babur. Yayan matata ne, ya zo ba sanarwa. Ya zagaya motar a hankali, ya tsaya kan tabon, ya dubi rabin da ya ɓace da rabin da ke nan, ya dubi abin da ke hannuna. Ya yi wani murmushi da har yau ban manta ba.

"Shafe shi duka mana, Mushe. Idon Baba ya yi rauni. Ni kuwa ba mai jin ta daga bakina."

Ya sha ruwa, ya gaida Inna, ya tafi. Na daɗe zaune a ƙasa. Ba zan yi muku ƙarya in ce tsoron Allah kaɗai ya riƙe ni ba. Na ɗebo ruwa da sabulu na wanke wurin da na shafa, na cuɗa sosai, sai ga tabon yana leƙowa. Ke nan wanki kaɗan da ruwan damina za su tona ni, kuma ranar da ya fito akwai mutum guda da ya san na sani. Na rufe baƙin, na shafe motar duka da farin kaki. Ta yi ƙyalli har kana ganin fuskarka, kuma ƙyallin ya ƙara fito da tabon fili. Matata ta dube shi ta ce, "Malam, ka tabbata?" Na ce ban tabbata ba.

Ranar saukar alhazai tashar Maradi ta cika maƙil, dangi, abokan kasuwa, mata na guɗa. Na faka motar na koma gefe na durƙusa. Surukina ya sauko daga bas, ya rame, an kewaye shi ana ta gaisuwa. Da ya iso wurin motar sai ya saki hannun mutane ya fara zagaya ta. Ya zo kapo ya tsaya. Ya sa yatsa ya shafa tabon.

Bai dube ni ba, ya tambayi iska, "Mi ya same ta nan?"

Na ce, kaina a ƙasa, "Kashin shamuwa ne, Baba. Na goge abin da ya gogu, wannan ya ƙi."

Yayan matata ya karɓe zancen da ƙarfi don kowa ya ji. Ya ce dama ya faɗa, wanda bai taɓa mallakar mota ba ina ya san darajarta. Ya ce abin haushin ma, akwai wani baƙin kaki da na saya, da idonsa ya ga yadda yake rufe tabon, amma na ƙi shafawa, na kawo wa Baba mota haka gaban jama'a. Yana gama faɗa ya miƙo mini hannu in ba shi makulli. Na zaro shi daga aljihu.

Tsohon ya juya ya dubi ɗansa.

"Yana da abin ɓoyewa, bai ɓoye ba?"

Yayan matata ya sauke hannun da ya miƙo. Ya ce eh, a hankali.

"Bar mishi makullin. Shi za ya kai ni gida."

Sannan ya yi abin da ya sa mata suka kama baki. Ya buɗe ƙofar gaba ya zauna kusa da mazaunin direba. Suruki da suruki, kafaɗa da kafaɗa. Na shiga na tada mota, na kama hanyar Gidan Rumji ina tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Babura na wuce mu, har da mai kaya. Mun yi nisa, sai na ji ya yi gyaran murya.

"Malam, taka ta kaɗan. Mota ce, ba amalanke ba."

Wannan ce magana ta farko da ya taɓa yi mini wadda ba gaisuwa ba.

Abin bai zo kyauta ba. Yayan matata ya daɗe ba ya amsa sallamata da kyau, har yau ma akwai ɗan sanyi tsakaninmu, kuma ina jin ciwon hakan saboda matata. Inna kuwa har ta bar duniya ba wanda ya ji labarin tampol daga bakina, yau ne na fara faɗa.

Yanzu ni ma ina da 'yar tsohuwar motata, kuma in abokai suka tambaye ni wane mai za su saya, nakan ce su gwada shi a ɓoyayyen wuri tukuna, su riƙa duban tsumma, sannan su tambayi mai shago ko cirewa yake ko rufewa. Amma duk lokacin da na tuna safiyar nan sai jikina ya yi sanyi. Mutane sun ɗauke ni mai gaskiya tun daga ranar, surukina ya riƙa sa ni cikin shawarar gidansa har ya rasu. Ni kuwa na san gwangwanin a buɗe yake a hannuna, na riga na shafa rabi. Da yayan matata ya makara a hanya, ban san wane mutum zai kai motar nan tasha ba.