Darar Aike Tsakanin Mafara da Bakura

Ni dara da hayaniya na san ta. Mu mahauta ne a Talata Mafara, kuma ran Talata in kasuwa ta fara watsewa, mun wanke wuƙaƙe, sai a taru bayan rumfunan fawa a haƙa ramuka talatin a ƙasa, a zube kara da tsakuwa. 'Yan Maradun su zo da gwaninsu, 'yan Bakura su zo da nasu, wanda aka ci ya tashi wani ya zauna, har a ga wanda zai rage. Ba a ba ka damar tunani. Ka ɗan daɗe kana kallon ƙasa sai ka ji an ce, "Malam, kabari ka samu kake masa addu'a?" In hannunka ya taɓa ɗa, to ya taɓu, ko da kuskure ne. Na taɓa ganin dattijo mai jikoki ya yi jifa da hularsa a kan tsakuwa guda.

Mahaifina shi ne uban masu baki a wurin. Ya iya dara, ba na hana masa, amma rabin cin da yake yi da harshe yake yin sa. Zai yi ta tsokanar mutum, ya ambaci kakansa, ya tambayi lafiyar jakinsa, har mutum ya ruɗe ya tura ɗa inda bai nufa ba. Mutum ɗaya ne wannan baki bai taɓa girgizawa ba, wani manomi mai shanu daga wani ƙauye na bakin gulbi a ƙasar Maradun. Baffa muke ce masa, ko da yake ba mu haɗa jini ba. Baba yana kiran sa Baƙauye, shi kuma yana kiran Baba Mahauci, kuma tun kafin a haife ni suke cin juna ran Talata.

Sai aikin dam ya zo. Ruwa ya hau ƙauyen su Baffa, ya ci gona, ya ci gida, ya ci maƙabarta. Shanun ya sayar da su ɗaya bayan ɗaya. Daga ƙarshe mijin 'yarsa ya ɗauke shi ya kai shi Bakura, ya ba shi ɗaki a gidansa. Wanda ya san mutanenmu ya san nauyin wannan: mutumin da baƙo bai taɓa wuce ƙofarsa bai ci tuwo ba, yau shi ne a ɗakin suruki. Ya daina zuwa kasuwa. Baba ya je ya gan shi, suka yi doguwar gaisuwa kamar baƙi, Baffa ya ce ya bar dara. Bayan nan labarin da ke zuwa shi ne ba ya fita sai salla, ba ya magana, abinci sai an matsa masa. Baba ya ce mini, "Mutumin nan zaune zai mutu, muna kallo."

Lokacin ni magidanci ne da 'ya'ya, na bar fawa na kama tuƙi a kamfanin da ke aikin. Wani Baturen injiniya nake ja. A ofishinsa akwai allon darar Turawa, wadda suke ce wa ces, 'ya'yanta sassaƙaƙƙu, har da masu kan doki. Mai shara ma ba ya kusantar ta. In kati ya zo masa ta gidan waya daga ƙasarsu, sai ya karanta, ya tura ɗa guda, ya yi kwana da kwanaki yana wucewa yana leƙen allon kafin ya rubuta amsa ya ba ni in kai gidan waya. Ran Asabar kuwa a kulob ɗinsu gasa suke yi gaba da gaba, da wani agogo mai fuska biyu da kowa ke mara in ya yi wasa, ka gan su jajir suna zufa. Wannan na gane ta, tamu ce ba ihu. Ta katin ce ta ɗaure mini kai. Na tambaye shi, wannan wasa ne ko jiran damina? Ya yi dariya, ya ce da gurguwar Hausarsa, a kulob da fuskar mutum da agogo yake faɗa, a kati kuwa ba abin da ya rage sai hankalin mutumin.

Na kai wa Baba labarin don mu yi dariya. Bai yi ba.

Da safe na same shi tsugune a tsakar gida, gindin bangon rumbu, yana haƙa ramuka da ƙotar wuƙa. Ya dasa kara ɗaya. Ya ce, "Aikinku na kanal, hanyar ruwan nan, yana kai ka Bakura. Ka biya ka ce wa Baƙauye na dasa a layi na biyu daga gabana, rami na uku daga dama."

Na ce, "Haba Baba, mutum na cikin wannan hali in je masa da zancen dara?"

Ya ce, "Kai na aika ko bakinka?"

Na je. Na samu Baffa a kan buzu, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Muka gaisa, na tambayi gajiya, na tambayi iyali, na tambayi haƙuri, yana amsawa da ka. Na isar da saƙo ina jin kunya kamar wanda ya shiga gidan makoki da kalangu. Na jira har na gaji, na yi sallama, na sa takalmi ɗaya. Sai na ji murya daga bayana, a dishe: "Ka ce mishi na tare shi ta hagu, layi guda."

Na sa ɗayan takalmin, na kama hanyar gida da amsar.

Haka aka fara. Duk ran da mota ta bi ta Bakura in kai ɗa, in dawo da ɗa. Dasawa kaɗai, wato jera 'ya'ya kafin a fara turawa, abin da ake gamawa a kasuwa kafin shayi ya huce, ta cinye mana rani guda. Ni mai gajen haƙuri ne, na sha yin tsaki a hanya. Amma abin da na gani a gida ya rufe mini baki. Baba, wanda bai taɓa minti guda shiru a gaban dara ba, sai ga shi yana zama gaban ramukan nan bayan azahar, hannu a haɓa, kamar mai sauraren karatu. Ba wanda zai tsokana, ba kakan da zai zaga. Makaminsa ya faɗi. Wata rana na ji yana cewa shi kaɗai, "Af! Ashe abin da kake nufi ke nan tun watan jiya." Ya ce mini shekara da shekaru yana wasa da mutumin nan, sai yanzu ya san yadda kansa ke tafiya. A kasuwa ɗa biyu mutum ke hangowa gaba, a nan kuwa Baffa kan dasa tsakuwar da amfaninta ba zai fito ba sai an yi girbi.

Ta can ma akwai canji, ko da yake kaɗan ne. 'Yar Baffa ta ce mini ta bayan labule, ranar da ake sa ran zuwana yakan ci abinci. Har yanzu ba ya fita, amma yakan tsaya bakin ƙofar ɗaki in ya ji ƙarar mota.

Baba yana kife ramukan da wani tsohon kwando saboda kaji. Mahaifiyata ta yi mita har ta gaji, wai an mai da mata tsakar gida dandali. Sai ga ruwan farko na damina, da rana tsaka, duk muna waje. Iska ta ɗauke kwandon, ruwan indararo ya sauka daidai wurin. Kafin Baba ya iso, kara da tsakuwa sun bi ruwa, ramukan sun zama taɓo. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ko ranar da sa ya karya masa haƙarƙari. Ya sake haƙa ramuka, ya yi ta jerawa yana rushewa. Ya tuna wasu, wasu sun ɓace masa. Ya ce, "Je ka duba ta Baƙauye, ka zano mini ita yadda take."

Na je na gaya wa Baffa abin da ya faru, na ce ya nuna mini inda ya haƙa tasa. Ya dube ni kamar na yi wauta.

"Wace?"

"Darar, Baffa. Ramukan da kake dubawa."

"Ƙasag ga ta aro ce. Ba ni haƙa rami ga ƙasar aro."

Na waiga ɗakin. Buzu, buta, tasbaha, sanda. Ko a bayan ɗaki ba alamar rami. Wata da watanni ina kawo masa saƙo, ban taɓa tambayar kaina inda yake ajiye shi ba. Ya lumshe ido ya ce in ɗauko takarda. Ya fara daga layin farko: nan karan Mahauci, nan fili, nan tsakuwata, nan fili. Bai yi tuntuɓe ba, bai koma baya ba, har ya kai rami na ƙarshe. Ya faɗi waɗanda aka ci, da wanda ya ci su. Ni da nake ɗaukar kaina ɗan dara, da ƙyar alƙalamina ke cim masa. Na ce, "Baffa, duk a ka?"

Ya ce, "Ba a ka take ba. Tana ƙofar gidana, gindin tsamiya."

Na san tsamiyar, na kuma san yanzu masunta ke wucewa da jirgi ta samanta. Na ce a hankali, "Baffa, ai ruwa..."

"Na sani. Can nike zuwa kullum da hantsi in duba ta. In na gama in zagaya garke, in dawo."

Ban iya tuƙi nan da nan ba. Na zauna cikin mota a ƙofar gidan na daɗe.

Baba ya jera darar bisa takardar. Da ya gama sai ya tsaya cak, ya nuna wani kara a gefe, ya ce shi ya manta da wannan sam. Karan nan kuwa shi ne mabuɗin abin da 'yan dara ke kira doki: in ka tura shi gaba ka jera uku ka ci, in ka dawo da shi baya ka sake jera uku ka ci, haka har abokin wasa ya ƙare. Tura ɗaya ta rage wa Baba ya hau dokin, kuma wasan nasa ne. Baffa ya san haka. Da ya so, da ya goce da karan rami guda, ba mahalukin da zai sani, don wanda zai ƙaryata shi ma ya manta. A kasuwa, da idanu hamsin a kanka, na ga ana satar ɗa da gefen riga. A nan ba ido ko ɗaya, mutum ya miƙa wuyansa da kansa.

Na gaya wa Baba zancen tsamiya. Ya sake duban darar. Sannan ya kife kwando.

Na jira saƙo, bai ba ni ba. Mako ya wuce, wani ya bi. Na ce, "Baba, motarmu za ta Bakura gobe." Ya ce yana tunani. Tunanin me, makaho ma ya ga wannan wasa! Sai da na matsa ya ce, "In na tura karan nan dara ta ƙare. In ta ƙare, me zai je dubawa da hantsi?" Na ce to ya yi wani wasan daban, ya ja lokaci. Ya harare ni. "In yi masa sadaka? Gara in yanka shi da wuƙa."

Na riƙa kauce wa layin gidan su Baffa, don ba ni da abin faɗa. Raina ya ɓaci da su duka biyu, na kuma ji tsoro, don na san ranar zuwana ce ranar cin abincinsa.

Wata Talata da la'asar, Baba bai fita kasuwa ba, muna zaune a zaure, sai muka ji sallama da ƙarfi, irin ta mai neman rigima. Baffa ne, da sandarsa, ƙura har gwiwa, daga tasha ya tako. Mutumin da ya shekara bai wuce masallacin unguwa ba. Bai tsaya gaisuwa ba.

"Mahauci! Mi kaka jira? Ka kai wuƙa ga wuya ka tsaya kana kallo? Ko tsufa ta sa ka fara jin tausan dabba?"

Baba ya miƙe. Na zuba ido in ji abin da bakin nan zai mayar, bakin da bai taɓa barin bashi ya kwana ba. Sai ya juya ya shiga gida, Baffa ya bi shi, ni na bi su.

Baba ya ɗaga kwandon. Baffa ya tsuguna, ya ga darar da idonsa karo na farko. Ya ce ramukan a karkace suke, aikin mahauci. Ya jira Baba ya tura, hannun Baba ya ƙi zuwa. Sai Baffa ya miƙa nasa hannun, ya ɗauki karan Baba ya sa shi inda ya kamata, ya cire tsakuwarsa da kansa ya ajiye gefe.

"Ka ci," in ji shi. "Kwashe mu sake. Kuma ka ce a kawo mini ruwa, tun safe ban sa komi ga bakina ba."