Kabad ɗin Anti Samfur

Shekara goma sha tara ta yi a ofishin sayen kaya na wani kamfanin gyaran famfunan ruwa, har sunanta ya ɓace, kowa sai Anti Samfur. Duk takardar kwangilar da ta bi ta teburinta sai ta saka mata sharaɗi guda: kayan da aka amince da samfurinsa, ɗan kwangila ba zai canza ko noti ɗaya ba sai ya rubuto, an gwada, an ba shi sabuwar lamba. Bayan kujerarta akwai kabad na ƙarfe, kowane samfur da katinsa ɗaure da zare, da kwanan wata. Mijinta kan ce ko sabulu ya sauya a gida sai ta nemi bayani a rubuce.

Sai aka kawo sabon manaja, mai gaggawar tsiya. Ya ce, "Anti, wannan dogon turancin naki ne ke korar mana 'yan kwangila." Ya zaro biro ya soke sharaɗin.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, sa mini hannu a gefe." Ya sa yana dariya.

Ba a yi wata huɗu ba mai kawo robar da ke hana famfo yoyo ya koma saye a wata masana'anta, bai gaya wa kowa ba. Lamba ɗaya, kwali ɗaya, roba kuwa kamar ta tsohon silifa. Famfo talatin suka lalace, mata suka koma jan guga. To wa aka kira gaban kwamiti, ana maganar kora? Ita! Wai ta karɓi kaya ba ta duba ba. Abin haushin ma, wanda ya soke sharaɗin shi ne a kujerar tsakiya, yana wani girgiza kai.

Anti ta ajiye roba biyu a tebur, ta kabad da sabuwar, ta ce wa wani injiniya da ke cikin kwamitin, "Malam, ja mu gani." Sabuwar ta tsinke. Sannan ta shimfiɗa takardar nan mai sa hannu. 

An wanke ta, amma aka tura ta ɗakin ajiyar fayil, wai don a zauna lafiya. Bayan mako guda sharaɗin ya dawo, kalma bayan kalma, a matsayin sabon tsarin manaja. Don rashin kunya har aka aiko mata da kwafi ta adana.

Ta huda shi, ta ɗaura masa kati da zare, ta rubuta ranar da ta fara rubuta shi, shekara goma sha tara baya.