Sunan Inna a Allon Majami'a

Ƙarfe tara da minti arba'in na safiyar wata Lahadi abin ya fara. Na san lokacin ne don agogon majami'armu a saman allo yake rataye, ni kuma gindin allon ne wurin zamana. Shekarata goma sha uku, ina aji biyu a kwaleji, kuma ni aka ɗora wa rubuta lambobin waƙoƙi da ayar wa'azi da sunayen marasa lafiya da za a yi wa addu'a, saboda rubutuna ba ya karkacewa. Bazara ce, kwanon rufi yana ƙas-ƙas don zafi, mata suna fifita da littafin waƙoƙi.

Ana cikin sanarwa sai Inna, mahaifiyata, ta miƙe. Matar da ko gaisuwa ba ta ɗaga murya. Ta nufi gaba, ta ɗauke tulun kiɗa daga cinyar ƙanwar matar fasto, ta rungume shi, ta juyo ta fuskanci matar fasto. Ta ce shekara goma sha biyar tana kaɗa wa zumuntar mata tulun nan, rana ɗaya aka karɓe aka ba yarinyar da ba ta san inda ake sa tafin hannu ba, ko sallama ba a yi mata ba. Da a nan ta tsaya, da da sauƙi. Sai ta zarce, magana na bin magana, daga tulu zuwa farashin gero, zuwa wani mafarki, zuwa suna da aka yi ba a gayyace ta ba, tana dariya tana hawaye. Minti ashirin cur. Baba ne ya kama hannunta suka fita.

Mu a gida mun riga mun ga alamu, mun yi shiru. Ta daina barci. Takan daka geron kwana uku a wuni ɗaya, ta wanke kayan da ke wanke, ta raba zannuwanta biyu ga maƙwabta. Baba tela ne, kuma duk abin da ya fi ƙarfinsa, keken ɗinki yake hawa ya yi ta takawa.

Ka san majami'armu a Matameye ba ta da girma. Gida bai kai ashirin ba, kowa ya san abin da ke tukunyar kowa. Ka ce ko ƙanƙantar nan za ta sa a yi saurin daidaitawa. Ina. Kafin la'asar an rabu biyu. Fasto da wasu mata suka ce iska ce ta taɓa ta, a sa ta a addu'a, a yi azumin kwana uku. Babban dattijon ikilisiya, wani tsohon mushen lakwal, wato malamin makaranta, mai son doka, ya ce babu wata iska, raini ne, da hankalinta ta ci mutuncin matar fasto a gaban jama'a, a sa ta a horo: bencin baya, ba jibin Ubangiji, sai ta tuba.

To ga inda ni na shigo. In ba ta da lafiya, sai in rubuta sunanta a allo, horo ya faɗi. In lafiyarta ƙalau, allo ba nata ba ne, benci ne nata. Kuma kowanne da abin da zai ci mana. Inna dambu take sayarwa a kasuwa, da shi ake saya mini kaye da biki, wato littafin rubutu da biro. Duk abin da aka rubuta a allon nan, kafin Litinin yara sun kai shi lakwal, daga lakwal ya shiga kasuwa, kuma ba mai sayen abinci a hannun wadda aka ce ta taɓu. Bencin baya kuwa, ga macen da ta bar addinin gidansu ta shigo nan tun tana amarya, kamar a ce mata ba ta da wurin zama ne a ko'ina.

Lahadi ta farko bayan abin, fasto ya same ni da sassafe ya ce in rubuta. Na rubuta, karo na farko da harafina ya karkace. Kafin a kaɗa ƙararrawa dattijo ya iso, ya tsaya ya karanta, ya ce in goge, majalisar ikilisiya ba ta yanke ba tukuna. Na goge. Lahadi ta biyu matar fasto da kanta ta ce in rubuta, wai ta yafe, tunda mara lafiya ba a riƙe shi a zuci, ta kuma faɗa da ƙarfi yadda bencin mata duka zai ji. Dattijo ya sake zuwa. Na ajiye lissafi a bayan kayena, don haka nake: sau biyar na rubuta sunan uwata, sau biyar na goge shi. Allon ya yi wani farin tabo a wurin, wanda kowa ke kallo fiye da yadda zai kalli sunan.

Mako bakwai manya suna zama a ƙarƙashin bishiyar dogon yaron da ke harabar majami'a. An buɗe ayoyi, an rufe. An tono faɗan da dattijo da fasto suka yi kan ginin katanga shekara huɗu baya. Gida biyu suka daina gaisawa. An zo gidanmu sau uku an ɗora wa Inna hannu, ta ba su ruwa ta ce su ma Allah ya ba su lafiya. Duk tsawon zaman nan, ko mutum ɗaya bai ce a kai ta asibiti ba, ga shi kuwa nan bakin hanya, tafiyar minti goma. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Ni ba mai magana ba ce, amma na tambaya. Na tambayi fasto, shin Inna ciwo take ko laifi ta yi, ya ce in ci gaba da addu'a. Na tambayi dattijo, ya ce wannan ba maganar yara ba ce. Yaran da aka ba alli! Na tambayi Baba, ya ce in miƙo masa zare.

Daga baya dai an kai ta Damagaram, likita ya ba ta magani, ta yi barcin kwana biyu, ta dawo da muryarta ta da. Har yanzu tana shan ƙwayar, tana kuma sayar da dambunta. Yau an daina rubuta marasa lafiya a allo, a waya ake tura sunaye, abin da a da sai Litinin yake isa kasuwa yanzu kafin a ce amin ya isa. Ban ga an daina tambayar nan ta ko ciwo ko laifi ba. Bara ma an yi ta a kan wani saurayi, na ga mutane sun sake ja layi biyu kamar ba a taɓa yi ba.

Amma ba likita ne ya amsa mini ba. Kakata ce, uwar Inna, wadda ta sa aka yi tafiyar Damagaram ɗin ma. Musulma ce, daga wani ƙauye wajen Kurni, ba ta taɓa taka majami'a ba. Ranar kasuwa ta zo a amalanke, ta zauna da 'yarta tun hantsi har azahar tana sauraro, ba ta katse ta ba. Da ta fito alwala na bi ta da buta, na yi mata tambayar da na yi wa kowa. Ta dube ni ta ce ashe duk karatun nan nawa bai kai nan ba.

"Duka biyun ne, 'yar boko," in ji ta. "Rashin barcin da zubar maganar, ciwo ne, gobe ubanki zai sa ta a mota ko ya ƙi ko ya so. Zancen tulu kuwa ba ciwo ba ne, gaskiya ta faɗa, ta daɗe da shi a ciki, ciwon ne ya buɗe mata baki. A ba ta magani, a kuma ba ta tulunta. Zubo mini ruwan."