Inda Muka Ƙona Pitabas

Pitabas Behera abokina ne tun muna yawo ba wando a bakin teku, a ƙauyenmu na masunta da ke ƙasar Ganjam. Ya girme ni da damina biyu, kuma bai taɓa bari na manta ba. Shekara talatin muna jan taru ɗaya, har gwiwarsa ta lalace ya daina shiga kwalekwale.

Daga nan ya koma wa kunkurun teku. Ba wanda ya sa shi. Kowace shekara, tun daga Janairu, uwayen kan fito su haƙa rami a rairayi, su zuba ƙwai, su koma ruwa. Shekarar farko ya kafa sanda da jan ƙyalle a kan kowane rami don kada a taka. Cikin kwana uku masu kwasar ƙwai suka bi sandunan ɗaya bayan ɗaya. Wani har godiya ya yi masa a kasuwa. Tun ranar bai ƙara sa alama ba. Da sassafe zai ja reshen kwakwa ya share sawun uwar tas, ya riƙe wurin a kansa.

Nakan raka shi, don ba ya rasa taba a bayan kunne.

"Nakula, buɗe ido," in ji shi. "Taku goma sha biyu daga wancan kututturen."

"Ka riƙe abinka, tsoho. Ni ba na gadin ƙwai."

"Kan nan naka taru ne. Ko ruwa ba ya tsayawa a ciki."

Matarsa Kuntala takan ce ya san ranar ƙyanƙyasar kowane rami, amma bai san shekarun jikarsa ba.

A watan Maris ya rasu, da hantsi, yana cin jiƙaƙƙiyar shinkafa da busasshen kifi. Ya dafe ƙirji, shi ke nan. Kafin la'asar ɗansa Sudam ya iso daga Berhampur, inda yake gyaran babura. Muka ɗauki abokina a kan gora zuwa wurin ƙona matattunmu, a rairayin kudu da bakin kogi. Nan ne kuma kunkurayen suka fi so.

Sai da muka ajiye shi na tuna wani abu. Shekara goma sha huɗu, duk wanda ya mutu a wannan lokaci, Pitabas ne ke shiga gaba, ya nuna da ƙafa ya ce, "Nan." A jera itace, a kunna. Ba mu taɓa tambayar dalili ba. Yanzu kowa ya juyo yana kallona.

"Kawu, ina?" in ji Sudam.

Na nuna wani wuri. Aka fara jera itace, sai na yi shakkar wurin. Na durƙusa na cusa hannu har gwiwar hannu, na taɓa ƙwai, masu laushi, da ɗumi. Na mayar da rairayin. Na matsa gaba na tona, ban ji kome ba, amma wa ya sani ko suna taku ɗaya daga nan? Kututturen ma biyu na gani.

Gangadhar, dattijon unguwarmu, ya ce, "Gawa na rana, kai kana wasan ƙasa da furfurarka?"

Sudam ya tafi ya tsaya a wani wuri ya buga ƙafa. "Nan aka ƙona kakana. Nan aka ƙona kakata. Kawu, saboda ƙwai ubana zai zama bare?"

Ban san abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa ba. Bakina dai ya ce akwai, kuma na faɗa da ƙarfi kamar na sani. Na ce mu kai shi gaɓar kogi, kan taɓo, inda ake ƙona baƙin da teku ya kawo. Sudam ya dube ni, hawaye na zuba, ya sunkuya ya ɗaga goran. Can ya sa wa ubansa wuta.

Kuntala ba ta ce mini uffan a kai ba. Tana dai aiko mini da shinkafa.

Kullum da safe ina zuwa rairayin. A watan Afrilu 'ya'yan kunkuru suka fito, nan da can, har a wuraren da ban zata ba. Na zauna na yi kuka kamar yaro. Amma inda Sudam ya buga ƙafa, na jira har ƙarshen Mayu, babu abin da ya fito. Ko karnuka sun riga ni, ko tun farko babu, ban sani ba.

Jiya Sudam ya kira ni a waya, karo na farko tun ranar.

"Kawu, sun fito a wurin?"

Na ce masa a'a. Ina jin ƙarar babura a bayansa. Sannan ya ce in gaida mamarsa.